Gonar da Aka Bari Ta Huta

Zuwa ga Sarkin Tsaki, ɗan kawuna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, ciwon bayan nan kuma ya yi sauƙi. Mu nan ƙalau muke. Inna tana gaishe ka. Gwiwarta ce har yanzu take gardama, amma bakinta garau yake, jiya ma ta wanke ni tas don na ce ta rage gishiri. Tun da ɓarayi suka kwashe batiran ƙarfen sabis wayoyinmu suka koma tocila, shi ya sa na ba direban babbar mota wannan takarda.

Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba, kada ka faɗi. Gwamnati ta tuna da mu! Wallahi da idona na gani. Sun zo da motoci da wani ɗan jirgi kamar shirwa, ba direba a ciki, yana shawagi yana ɗaukar hoton gonaki. Kajin gari kaf suka shige ƙarƙashin rumbu, Inna kuma ta ja salati. Za su tare kogi su yi madatsa, su jawo ruwa ta magudana har cikin kwarinmu. Noman rani, ɗan kawu! Mu da muke zaman kallon sama rabin shekara. Kuma kowa za a auna masa gonarsa a ba shi takarda da sunansa. Na riga na shuka albasa a cikin kaina, na cire, na sayar, na sayi keken ɗinki.

Sai dai akwai 'yar ƙura. Shugabar masu awon, wata siririyar mata mai hular rana, ta ce gonar da aka samu da shuka a kanta ita za a rubuta wa mai ita. Wadda aka samu ta zama daji kuwa za a ɗauka ba ta da mai ita, gwamnati ta ba wani kamfani ya noma. Ta nuna mana hoton da jirgin ya ɗauka. Ɗan kawu, gonarka ce kaɗai baƙa ƙirin a tsakiyar kwari, daga ɗan yankin da maƙwabcinka Mai Garma yake nomawa har gindin tsamiya. Na ce mata, "Ranki ya daɗe, wannan ba daji ba ne, hutawa take yi." Ta yi murmushin gajiya ta ce, "Baiwar Allah, na yarda da ke, amma dokar da aka ba ni ba ta san hutu ba."

To ka ji. Ruwa ya fara sauka, masu awo kuma suna tafe gona bayan gona. Ka bar tsaki ka rubuto abin da za a yi.

Taka,
'yar gwaggonka da ta fi ka hankali.

*

Zuwa ga Gidan Rediyo,

Wa alaikumus salam. Na samu saƙonki, na kuma gode Allah da jin lafiyarku. Ki duƙa ki gaishe mini da Gwaggo, ki ce ta ci gishirinta, ke ce ba ki da ɗanɗano. Bayana yana nan yadda kika san shi. Mu shida ne a ɗaki, taga ɗaya, ita ma bango take kallo. Mai gadon sama da ni yana minshari kamar injin niƙa.

Kin ce gwamnati ta tuna da mu. Madalla. Ina take ranar da gada ta karye, muka ɗora Baba a kan ƙyaure muka ratsa ruwa da shi zuwa asibiti? Ina take duk shekarun da taki ke isowa bayan an gama girbi? Ba ta san hanyar garinmu ba sai da ta ji ƙasar tana da maiƙo. Amma ba zan yi mata ƙarya ba: ruwa alheri ne, takarda ma ba laifi ba ce. Da an yi magudanar nan tun muna samari, da ban zo nan ina tsinkar tumatir ɗin wani ba.

Kin san irin noman da nake yi? Rumfunan leda ne dogaye, zafi kamar tanderu. Tumatir a cikin buhu yake tsiro, ruwa da abincinsa ta siririn tiyo suke ɗiga. Shekarun nan duka ina noma, hannuna bai taɓa ƙasa ba. Su nan ba su san ƙasa tana gajiya ba, don ba su da ita. Da alama masu rubuta dokarku ma a irin wannan rumfar aka raine su.

Ki tuna yadda Baba yake yi. Idan ya ga wuta-wuta ta fara ja a gindin masara, sai ya ce, "Ta yi magana, a ƙyale ta." Ba ya sake sa mata fartanya sai itatuwa sun kai kafaɗar mutum. Ni na ƙi ji bayan rasuwarsa, na matse ta har ta daina ba ni ko irin da na zuba. Shi ya sa na bar ta ta huta, ni kuma na tafi na gaji. Abin da ke tsayar da ni a rumfar nan shi ne sanin cewa tana can tana ƙiba, wata rana zan dawo mu sasanta. Yanzu a ce hutun ne laifinta?

Ga abin da za a yi. Kada kowa ya taɓa ta. Ki je wurin mai gari ya tara dattawa su shaida wa matar nan cewa tun kakanmu gonar take hannunmu. Ciyawar iyaka da kaka ya dasa tana nan, ita ce takardarmu.

Sannan ki sa ido a kan Ɗan Aro, wanda kike kira Mai Garma. Kin san yankin da yake ci Baba ne ya ara wa ubansa shekarar da ambaliya ta cinye tasu gonar. Ban ce ya taɓa fashin kawo damin shaida ba, kowace kaka yana ajiye wa Gwaggo, wannan na ba shi. Amma mutum mai bijimai biyu kusa da gonar da mai ita ba ya nan, a lokacin da ake rabon takarda? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Naki,
wanda ya ga jiya ya ga yau.

*

Sarkin Tsaki,

Sallama a tsaitsaye, kowa lafiya. Direba ya tayar da mota yana ta yi mini hon, a kan gwiwata nake rubutu. Har yau amsarka ba ta iso ba, ruwa kuma ba ya jira. An gama! Mai Garma ya shiga gonarka da bijimansa, ya sare, ya nome ta kaf, daga yankinsa har gindin tsamiya. Ko ciyawar iyaka bai bari ba. Ya zuba masara, har ta fara huda ƙasa. Da ka ga mutane yadda suka cika kwari! Ni har rawa na taka. Sauran bayani sai na zauna.

Taka cikin sauri.

*

Zuwa ga 'yar gwaggona,

Ina fatan kuna lafiya. Ni dai ba zan ce ina lafiya ba.

A bakin famfo na karanta takardarki lokacin hutun rana. Da na koma aiki na datse uwar tumatir a maimakon reshe, shugaban leburori ya zazzage ni da yaren da har yau rabinsa nake ji. Ban ma ji zafin ba.

Rawa kika taka. An shiga gonar kawunki da garma, an tumɓuke ciyawar da kakanmu ya dasa da hannunsa, ke kuma kina rawa. Ban zarge ki da mugunta ba, na san ki: kowa ya yi miki dariya ya zama ɗan'uwanki. Amma ki buɗe ido. An ce mai shuka a ƙasa shi ke da takarda, sai ga mutum ya wayi gari ya shuka tawa, ya kuma share alamar da ta raba mu. Wannan sai an kira malami ya fassara?

Abin da zan rubuta yanzu ki karanta wa Ɗan Aro shi, kada ki rage ko harafi.

Ranar da ubanka ya zo ƙofar gidanmu da tabarma a ka, ruwa ya tafi da komai nasa, ubana bai tambaye shi shaida ba. Ya kama hannunsa ya kai shi kwari ya ce, "Ci daga nan zuwa nan." A kan wannan yankin aka yaye ka, a kansa ka yi aure, daga cikinsa ka sayi bijiman da ka shiga mini gona da su. Wannan ce godiyar. Masarar da ka shuka ka girbe abinka, ni ba na ƙona gumin mutum ko da a kan haƙƙina ya zuba shi. Amma daga kakar bana aro ya ƙare. Ka fita daga yankin, kuma kada ka sake kawo dami gidanmu, ba ma so.

Ke kuma ki kai maganar gaban mai gari, idan ta fi ƙarfinsa a je gaban alƙali.

Naki,
ɗan kawunki.

*

Zuwa ga Sarkin Tsaki, wanda yanzu na ƙara masa sarautar Gaggawa,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Inna tana amsawa, ko da yake ta ce kada in gaishe ka. Na gaishe ka a ɓoye.

Ɗan kawu, ni da kai mun haɗu mun yi ɓarna, kai da alƙalami, ni da baki. Wasiƙunka biyu rana ɗaya suka iso, don direba ya manta da ta farkon a ƙarƙashin kujerar mota. Ya same mu a gonarka ana noman farko, an zauna shan inuwa a gindin tsamiya. Na ce wannan ta ƙarshen ai godiya ce, bari kowa ya ji. Na hau kan garma kamar mai shela na buɗe. Ka san bakina yana riga idona. Ban farga ba sai da na kai wurin tabarma a ka. Wuri ya yi tsit, har kukan kurciya kana ji. Na so in haɗiye sauran, Mai Garma ya ce, "Ƙarasa, ai ya ce kada ki rage." Na ƙarasa. Ya miƙe, ya kaɗe wandonsa, ya kora bijimansa ya tafi.

Yanzu ka ji abin da hon ɗin direba ya hana ni rubutawa. Tun kafin ka ce, mai gari ya kai dattawa wurin masu awo. Suka ce shaida tana aiki ne a kan gonar da ke da shuka kawai. Muna tsaye jugum, sai Mai Garma ya ce, "To a sa mata shuka mana." Ya bar tasa shukar, ya bi gida gida ya tara maza, suka sare itatuwa. Irin da ya ajiye wa kansa shi ya zuba. Bijimansa sun yi aiki har wuyan ɗaya ya sale. Ciyawar iyaka kuwa, juya shanu a kowane gefe yana cin rana, ruwa kuma yana neman wuce mu, sai ya miƙe kunya ɗaya doguwa daga ƙasa har sama. Na ce masa, "Iyakar fa?" Ya ce, "Ciyawa ai dasa ta ake yi. Wa zai manta iyaka a garin nan?" Duk muka ce haka ne. Ba wanda ya tuna baƙi ne za su auna.

Washegarin karatuna sai ga masu awo. Matar ta dubi kwari ta ce, "Wannan gona ɗaya ce. Wa ya noma?" Kowa ya nuna shi. Ta buɗe alƙalami ta ce, "Sunanka, malam?" Ɗan kawu, kalma ɗaya ta rage gonar kawu ta zama tasa har abada, da hatimin gwamnati, ga kuma zaginka yana masa zafi a kunne. Sai ya ce, "Ba ni da suna a nan. Ɗan Aro ake ce mini. Mai ita yana can wata ƙasa yana tsinkar tumatir, shi za ki rubuta."

Ta ce ba ta da ikon rubuta wanda ba ya nan, don da sunayen matafiya da matattu manyan birni suka sha kwashe filaye a wasu wurare. Ba ta kuma iya raba gonar da ba alama. Idan ba suna, duka za ta tafi ga kamfani, har da yankin da yake ciyar da iyalinsa. Ya ce, "Na ji." Matarsa ta fashe da kuka. Ni kuwa na riƙe hannun matar nan na buɗe gidan rediyo gaba ɗaya, har ta dafe kai. A ƙarshe ta ce za ta tsallake mu ta gama ƙetaren kogi, ta dawo kafin girbi. Ranar, in mai gona ya tsaya da ƙafarsa, maƙwabcinsa ya yarda da iyaka, ta rubuta. Idan ba haka ba, ba ruwanta. Na ga dai ita ma ba daɗin dokar take ji ba.

Inna ta ce in gaya maka: ɗan'uwanta bai haifi butulu ba, kada ka fara.

Amma tsaya, ban gama ba! Masarar, ɗan kawu! Wayyo masarar! Kawu ya yi gaskiya. Ƙasar ta yi baƙi, ta yi laushi, ƙafa nutsewa take yi. Ba taki ko cokali, amma ganye ya yi shar, ya fi tafin hannuna faɗi, kara kamar rake. Mutane daga ƙauyukan gefe suna zuwa kallo. Wuta-wuta ko ɗaya babu. Na ƙunsa maka ƙasar kaɗan a leda cikin ambulan ɗin nan, ka gani da idonka, tunda kai ba ka yarda da maganar mutane.

Taka,
mai rawa, kuma ban tuba ba.

*

Zuwa ga 'yar gwaggona, Gidan Rediyo mai albarka,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ki gaishe da Gwaggo ko ba ta amsa ba. Lafiyata ƙalau, bayana ma yau bai ce komai ba.

Na kwance ledar a kan gado na sa hanci. Mai minshari ya leƙo daga sama ya ce, "Magani ne aka aiko maka?" Na ce masa e. Sai da kowa a ɗakin ya murza ta a yatsa. Wani dattijo da ya fi ni daɗewa a nan ya riƙe ta ya ƙi saki, ya juya fuska bango.

Magana zarar bunu ce, tawa kuma a takarda na zare ta, aka karanta a kan garma. Laifin ba na bakinki ba ne, abin da na rubuta kika faɗa. Zaman nan yana koya wa mutum ya ga hannu ya ɗauka na ɓarawo ne, ko da ruwa aka miƙo masa.

Na je wurin shugaban leburori. Ya ce duk wanda ya tafi kafin ƙarshen kaka ya bar gurbinsa ke nan, ba dawowa, ba sallamar ƙarshen aiki. Na tsaya ina kallon layin tumatir a buhunansu, ba wanda ya san sunana a cikinsu. Na cire safar hannu na ajiye masa a tebur. 'Yar gwaggo, ina tafe! Na rubuta na sake karantawa don in tabbata ni na rubuta. Ina tafe! Takardar nan za ta riga ni da kaɗan, ni ina biye da ita. Na fita titi ina dariya ni kaɗai har wata mata ta janye ɗanta.

Wannan sashen ki karanta shi ke kaɗai tukuna, don Allah, sannan ki tara duk waɗanda suka ji na farko, ki hau garmar nan ki karanta da ƙarfi.

Mai Garma, ɗan'uwana. Na zage ka a gaban jama'a, a gabansu nake neman gafararka, kuma zan maimaita da bakina a ƙofar gidanka. Abu ɗaya ne a waccan takardar ba zan janye ba: aro ya ƙare, kuma kada ka sake kawo dami. Ranar da matar nan ta dawo, ni da kai za mu dasa ciyawar iyaka a inda take tun farko. Daga ciyawa zuwa tsamiya ta rubuta ni. Daga ciyawa zuwa ƙarshen yankinka ta rubuta ka, da sunan da ubanka ya raɗa maka. Masarar bana kuma biyu za mu raba, irinka ne, ƙasata ce. Idan ka yi gardama zan haɗa ka da Gwaggo.

Ita kuma mai hular rana, ki ce na gode da jiran da ta yi, ba dolenta ba ne. Amma ina da saƙo zuwa ga waɗanda suka aiko ta, zan faɗa mata a tsaye cikin ladabi. Gonar nan za ta sake gajiya, ni kuma zan sake barinta ta huta, takarda ko ba takarda. Su nemi inda za su rubuta hakan kafin jirginsu ya dawo ya ce ba ni nan. Su zo su dubi masarar, in sun ga dama su auna ta ita ma.

Ki nemo fartanyar Baba a bayan rumbu ki kai wa maƙeri ya sa mata ƙota. Ki gaya wa mutane kada su yi mini dariya idan hannuna ya yi kanta ranar farko, ya daɗe a cikin safa. Ki ce wa Mai Garma, in ya huce, ya zo tasha da amalanke. Kayana ba su da yawa, jaka ɗaya ce, amma ina so ya bi da ni ta kwari kafin in shiga gida.

Ta huta ya ishe ta. Ni ma na gaji ya ishe ni.

Naki,
ɗan kawunki, wanda ya ajiye tsaki, aƙalla har ya ga ruwa a magudanar nan da idonsa.